Jirgi Ya Tafi, Ina Hanyarsa?

Maganar keke na kawo yau, kuma tun da wuri bari in fayyace: keke mai ƙafa biyu nake nufi, mai feda da ƙararrawa, ba Keke Napep da ya ƙwace sunan a bakin yaran yanzu ba. Na san akwai wanda zai ce ana fama da tsadar masara da kuɗin makaranta, wa yake ta keke? Ya yi haƙuri ya karanta zuwa ƙasa. A ƙarshenta maganar ta fili ce, fili kuwa a ƙasar nan ba ya jiran kowa ya gama shiri.

Kwanakin baya Allah ya nufe ni da zuwa Ingila wajen ƙanena da ke karatu a Sheffield. Ranar wata Asabar ya ce in shirya za mu je hawan keke a ƙauye. Na yi masa dariya. Rabona da keke tun ina samartaka, gwiwa ta fara ƙara, ga shi wurin da ya ambata, Peak District, sunansa ma na tsaunuka ne. Yanki ne da ke tsakanin Manchesta da Sheffield, shi ne na farko da Birtaniya ta keɓe a matsayin gandun ƙasa a 1951. Tuddai ne da kwaruruwa, da gonaki masu katangar dutse, da tumaki birjik. Da safe hazo ya sauko, sanyi yana ratsa riga, sai na ji kamar ina hanyar Vom cikin watan Agusta.

Muka karɓi hayar kekuna a wata tsohuwar tashar jirgi mai suna Hassop, kusa da garin Bakewell, muka hau hanyar da suke kira Monsal Trail. Tsawonta bai wuce kilomita 14 ba. Na je ƙarshenta na dawo ban sauka na tura keke ko sau ɗaya ba, alhali dama da hagu tsaunuka ne da ko akuya sai ta yi tunani kafin ta hau. Ban kuma haɗu da mota ko babur ba. Abin da na yi ta wucewa shi ne tsofaffin da suka girme ni nesa ba kusa ba, da mata masu tura jarirai, da yara 'yan shekara biyar suna koyon taka feda iyayensu na biye a baya ba tare da kowa ya riƙe zuciyarsa a hannu ba. Har da masu doki.

Sirrin abin jirgin ƙasa ne. Jirgi ba ya iya hawan tudu mai tsauri, ƙafarsa ƙarfe ce a kan ƙarfe, da hawa ya yi yawa sai ta riƙa zamewa. Saboda haka injiniyoyin da suka shimfiɗa wannan layi a 1863, don haɗa Manchesta da Landan, dole suka bi da shi a hankali: inda tudu ya tare su suka yanka shi ko suka fafe shi, inda kwari ya buɗe baki suka cike shi ko suka ɗora gada. Da aka rufe layin a 1968 aka kwashe ƙarafan, wahalar da suka sha ta zauna a ƙasa, shimfiɗaɗɗiyar hanya mai sauƙin hawa a tsakiyar ƙasa mai wuyar hawa. Hukumar gandun ta karɓe ta, aka buɗe wa masu tafiya a 1981. Manyan ramuka huɗu da jirgin ke ratsawa ta cikin dutse sun daɗe a toshe, sai a 2011 aka gyara su aka sa fitilu. Mafi shahara cikinsu, Headstone, ya kusa rabin kilomita. Kana cikin duhu da sanyi, ruwa na ɗiga daga sama, sai kawai ka fito ka tsinci kanka a kan wata doguwar gadar dutse, kogin Wye can ƙasa yana ta kwana-kwana. Na tsaya a nan na daɗe. Abin dariya, bayan an gina gadar wani shahararren marubucinsu, John Ruskin, ya yi ta tsine wa aikin, yana ganin an ɓata kwarin. Yau gadar ce hoton da ake sayarwa a kati.

Ba ita kaɗai ba ce a yankin. Akwai Tissington Trail, kilomita 21 daga Ashbourne zuwa Parsley Hay, wadda aka buɗe tun 1971. A Parsley Hay ta haɗu da High Peak Trail, mai kilomita 27, a kan ɗaya daga tsofaffin layukan dogo na duniya, wanda aka gama a 1831. Wannan ta ɗan bambanta, domin a zamanin da aka yi ta dawakai ke jan taragu a inda ƙasa ta kwanta, a wuraren hawa kuma injin tururi ne a kafe a saman tudu yake janyo su da sarƙa. Ɗakin injin Middleton Top yana nan har gobe da injinsa a ciki. Wanda ya bi ta wannan ɓangaren zai yi gumi, ba ruwansa da labarin sauƙin da na bayar a sama. A gindinta garin Cromford yake, inda Richard Arkwright ya kafa masana'antar kaɗin auduga mai aiki da ƙarfin ruwa a 1771.

Wani abu da ya tsaya mini a rai shi ne ba su ɓoye munin tarihinsu ba. A gefen hanyar Monsal akwai tsohuwar masana'antar auduga ta Litton, wadda ta yi ƙaurin suna wajen azabtar da marayu da 'ya'yan talakawa da ake kwasowa daga birane ana sa su aiki dare da rana. Akwai matoyar farar ƙasa a Millers Dale, akwai ramukan haƙar dalma ko'ina a yankin. Wato ƙasar da muke gani kore shar, mai kyau kamar zane, ƙasar ma'adinai ce da aka ci aka bar ta da tabo. Mai keke yana tafiya a hankali, yana iya tsayawa ya karanta allo, ya leƙa, ya tambaya. Mai mota da ke gudun kilomita ɗari ba abin da yake gani sai bayan motar gabansa.

To a nan ne hankalina ya dawo gida, kuma a nan ne ra'ayina yake.

Mu ma muna da irin wannan layi, kuma yawancin yaranmu ba su taɓa jin labarinsa ba. Kafin jirgi ya iso, kuzar da ake haƙa a Filato a ka ake ɗaukarta, 'yan dako su yi kwana da kwanaki zuwa Loko a bakin Binuwai. Don a huta da wannan Turawa suka shimfiɗa ɗan siririn layin dogo daga Zariya, wanda suka sa wa suna Bauchi Light Railway, ko da yake bai taɓa shiga garin Bauchi ba. Faɗinsa ƙafa biyu da rabi ne kacal, alhali babban layin ƙasa ƙafa uku da rabi ne. Ya bi ta Soba, Dutsen Wai, Kudaru, Rahama da Jengre, ya hauro Jos, ya ƙare a Bukuru a 1914, tafiyar kusan kilomita 230. Da babban layi ya iso ta Kafanchan a 1927 sai kasuwar ƙaramin ta fara ja da baya, har aka rufe shi a 1957. Duk wanda ya je gidan tarihi na Jos ya ga tsofaffin kawunan jirgi a ajiye. Kawunan mun adana su. Hanyar da suka bi fa, wa ya san inda take?

Ku duba lissafin. Jos tana sama da mita 1,200 daga doron teku, Zariya ba ta kai 700 ba. Ɗan ƙaramin injin tururi ne ya riƙa jan kaya yana haure wannan tazara, kenan wani ya riga ya zauna ya nemo wa tudun nan lagonsa shekara ɗari da wani abu da suka wuce, kakanninmu kuma suka fasa dutsen da diga da kwando. Aikin da ya fi tsada a hanyar keke an riga an biya shi, da guminsu aka biya. Abin da nake cewa shi ne a nemo abin da ya rage na wannan hanya, musamman tsakanin Jos da Jengre, a yi mata iyaka a hukumance, a hana gini a kai, sannan a gyara wani yanki nata ya zama na keke da ƙafa zalla.

Kalmar "zalla" ɗin nan ita ce maganar gaba ɗaya. Mun taɓa gwada kiran mutane su hau keke ba tare da an ba su inda za su hau ba. Masu shekaru za su tuna marigayi Ojo Maduekwe lokacin yana ministan sufuri a 2001, yana ta wa'azin keke, ya hau nasa zai je taron majalisar zartarwa a Abuja, bas ta ture shi ya faɗa kwata. Ƙasa ta yi ta dariya, maganar ta mutu. Ni a ganina mutumin yana da gaskiya, abin da ya rasa hanya ce. In minista da 'yan rakiyarsa bai tsira ba, ina ga ɗan sakandare a kan titin Bauchi Road da yamma, tsakanin tirela da Napep? Ba ƙin keke muka yi ba. Iyayenmu da Raleigh da Phoenix suka yi zamani, malamin makaranta da malamin asibiti da ɗan kasuwa duk a kansa suke, mu kuma mun ɓarar da kuɗin tara wajen mai hayar keke a bakin layi. Tsoro ne ya sauke mu, sai kuma girman kai ya biyo baya, har ya zama wanda aka gani a kan keke ana cewa karayar arziki ta same shi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 girman kan ya fara sauka da kansa. Tsoron ne yake nan.

Yanzu bari in faɗi abubuwan da za a jefe ni da su, don na san suna nan tafe.

Na farko, za a ce jirgi muke so a dawo mana da shi, ba wasan yara ba. Ni ma ina so. A Ingilar ma akwai masu fafutukar a mai da jirgi kan hanyar Monsal, ana ta jayayya har yau. Amma ku lura, jayayyar tana yiwuwa ne saboda hanyar tana nan. Da an bari an yanka ta fuloti-fuloti da babu abin da za a yi gardama a kai. Amurkawa ma sai da suka sa wannan cikin dokarsu a 1983: layin da aka daina amfani da shi a ba masu keke da masu tafiya riƙo, da sharaɗin in an buƙaci jirgi wata rana za a iya karɓa. Doguwar hanya siririya irin wannan sau ɗaya ake samunta. In mutum goma suka gina gida a wurare goma, ta tsinke ke nan, ba kuma gwamnan da zai so rigimar rusau saboda keke. Kusan shekara saba'in ke nan da rufe layinmu, kuma kowa ya san abin da ke samun filin da aka bari ba mai tambaya. Shi ya sa nake ganin gaggawar tana wajen awo da kafa duwatsun iyaka, kwalta da fitila su zo daga baya ko kada ma su zo.

Na biyu, tsaro. Wannan ba zan yi masa kwaskwarima ba. Mun ga 2001, mun ga 2008, mun ga 2010, kuma har yanzu ƙauyuka ba su huta ba. Akwai unguwannin da ɗan wannan ɓangare ba ya shiga, akwai na wancan. Ba wanda zai ce wa baƙo ya ɗauki keke ya nufi daji shi kaɗai. Don haka ba na maganar kilomita 230, ba na ma maganar hamsin. Kilomita biyar zuwa goma a gefen gari, inda mutane suke, inda masu unguwanni da dagatai na kowane ɓangare suka zauna suka yarda tun kafin a sa diga. Hanyar da jama'a ke bi safe da yamma ta fi kufai aminci, wannan kowa ya sani. Ba zan ce keke zai sasanta abin da shekara ashirin ba ta sasanta ba. Amma yaran da aka haifa bayan rabuwar unguwanni suna buƙatar wani wuri, ko guda ɗaya ne, da ba na kowa ba kuma na kowa, ban da filin ƙwallo.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, kuma ban ji daɗin amsar da nake da ita ba: babur. Ka shimfiɗa hanya mai laushi wadda ba 'yan sanda ba cunkoso, kafin sati ta zama ta 'yan going da masu ɗauko buhun dankali. A Ingila ƙofofi da turaku suke sawa a mashiga, doka kuma tana aiki. Mu a nan turken ƙarfe kwana nawa zai yi kafin ya tafi wajen 'yan gwangwan? Abin da nake gani zai yi aiki shi ne a sa cin abincin wasu ya dogara da hanyar. Mai hayar keke a mashiga, mai faci, mai shayi, mai gasa masara, matan da ke sayar da tumatir da kabeji da strawberry, su ne za su tare babur, don ranar da babur ya mamaye hanyar ranar iyaye za su daina kawo yara, ciniki ya tsaya. Haka na gani a can: tsofaffin tashoshin Hassop da Millers Dale yanzu wurin shan shayi ne, ƙauyukan gefe suna ci daga masu wucewa. Manomin da gonarsa ke bakin hanya kuma a ba shi mararrabar da zai tsallaka da kayansa da dabbobinsa, kada a mai da shi abokin gaba tun ranar farko.

Batun kuɗi bai kai yadda ake zato ba. Keke ba ya buƙatar kwalta. Yawancin hanyoyin da na ambata dakakken dutse ne aka baza aka daddaɓe. Mu muna da jar ƙasa da tsakuwa. Abokin gabarmu ruwa ne, don damina a Filato ba ta wasa, saboda haka kuɗin zai tafi ne wajen magudana da kwalbati da gyaran ƙananan gadoji. A Bristol, ƙungiyar da daga baya ta zama Sustrans da 'yan sa kai ta fara shimfiɗa hanyar keke a kan tsohon layin da ke zuwa Bath a 1979, ba ta jira gwamnati ta gama taro ba. Sifaniya ta ɗauki abin a matakin ƙasa tun 1993. Mu da muka iya haɗa kuɗin gyaran transfoma da na maƙabarta, aikin gayya ba baƙonmu ba ne. Abin da ba za mu iya da kanmu ba shi ne takarda: dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, hukumar jiragen ƙasa ma tana da ta cewa. Nan ne 'yan majalisarmu za su yi amfani, in sun ga dama.

Sai abin da za a nuna wa mai wucewa, wanda a nan mun fi su kaya. Tun kafin Bature ya zo maƙeran Liruwe suna narka kuza. A cikin ramukan kuza aka tsinci gumakan Nok, waɗanda suka sa Bernard Fagg ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Tuddan ƙasar da injuna suka tara da tafkunan da suka bari suna nan ko'ina daga Rayfield zuwa Barikin Ladi, wasu sun ci yara, wasu ana noman rani da su. A lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1942 zuwa 1944, an kwaso dubban mutane da ƙarfin tsiya daga lardunan Arewa aka kawo su haƙar kuza cikin sanyin da ba su saba ba, da yawa ba su koma gida ba. Masu ƙasa kuma sun rasa gonakinsu. Da yawa daga cikinmu dalilin zaman kakanninmu a nan ke nan, ko ta wannan ɓangare ko ta wancan. Wannan tarihi ba ya cikin kan yaranmu. Allo ɗaya a bakin tafki, da Hausa da Turanci da harshen mutanen wurin, zai yi abin da littafin makaranta bai yi ba. Ka ƙara da duwatsun Shere a gabas da iskar da ba a saye, ka ce mutumin Legas ko Abuja ba zai biya kuɗin hayar keke ba?

Na tambayi wani dattijo a unguwarmu, wanda ya haura tamanin, ko ya tuna ƙaramin jirgin. Fuskarsa ta washe. Ya ce yana yaro ya shige shi, ya kwatanta mini tafiyarsa ta hawainiya da baƙin hayaƙin da ke cika ido, har ya fara zana mini a ƙasa da sandarsa inda layin ya bi ya fita gari. Na nemi takarda in kwafa, kafin in dawo yara sun tattake zanen.

Irinsa ba su da yawa yanzu. Shawarata ga shugabannin ƙungiya ita ce a zama na gaba a ware mutum huɗu ko biyar, a haɗa da matasa biyu masu waya mai taswira, su zauna da dattawan nan ɗaya bayan ɗaya a naɗi muryarsu. Bayan an kwashe amfanin gona, ciyawa ta kwanta, a ɗauki rana biyu a taka daga bakin gari zuwa inda ƙafa ta kai, a rubuta inda hanyar take, inda gini ya cinye, inda gada ta rage. Da wannan takarda za a je wajen hakimai da ƙaramar hukuma. Ni na ɗauki nauyin ruwan sha da kuɗin motar dawowa, kuma tsohon Raleigh ɗin mahaifinmu yana nan rataye a zaure, taya biyu kawai yake nema.